Yadda za ku bi sawun kuɗin ƙaramar hukumarku, ku kuma sa buƙatar unguwarku cikin kasafi

Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne, duk majalisar da ka zauna za ka ji ana ta zagin ciyaman da kansila wai sun cinye kuɗi, amma ka tambaya nawa ne ya shigo wa ƙaramar hukumar a watan jiya sai kowa ya yi tsit. Mun haddace rigimar sanatoci a Abuja, mun san wa ya sauya sheƙa wa bai sauya ba, amma sakatariyar nan da muke wucewa kullum, wadda kwatar ƙofar gidanmu da bolar kasuwa da mayanka duk suna wuyanta, ba mu san yadda take aiki ba. Alhali kasafin kuɗi takarda ce kawai, tana da lokacin da ake rubuta ta, tana da mutanen da suke rubutawa, kuma duk abin da bai shiga ba kafin a rufe to sai dai a jira baɗi. Bari in jero muku yadda ake bin abin tun daga tushe.

Da farko ku san aikin waye

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata ƙafa, a kwashi tawaga a je wajen ciyaman a kan abin da ba hurumin sa ba ne, shi kuma ya ji daɗi ya ce ai wannan na jiha ne, a dawo gida hannu rabbana. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, akwai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kwashe shara, titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, sa wa layuka suna da lambar gidaje, lasisin kura da amalanke da kwale-kwale, sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan tana da hannu tare da jiha a makarantar firamare, yaƙi da jahilci, aikin gona da kiwon lafiya.

Wannan "tana da hannu" ɗin shi ne inda ake yawan samun ruɗani. Makarantar firamare misali, albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, amma ginin sababbin azuzuwa galibi ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, yake zuwa da kuɗin haɗin gwiwa na UBEC, takwararta ta tarayya, mutumin da za ku fara gani a kan wannan shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Asibitin sha-ka-tafi kuma yana ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma akwai asusun tallafa wa lafiya matakin farko, wato BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta kafa wanda ake tura kuɗinsa kai tsaye zuwa asusun asibitocin da aka zaɓa, manufar ita ce aƙalla guda a kowace mazaɓa. Babban asibiti da sakandare na jiha ne. Babban titin da ya ratsa gari ya wuce, na jiha ne ko na tarayya. Taransifoma ta kamfanin rarraba wuta ce, duk da ciyamomi suna saya su bayar. To kafin ku ɗaga ƙafa ku zauna ku tantance, matsalar nan tamu a teburin wa take.

Na biyu, nawa ne yake shigowa

Wannan ba sirri ba ne ko kaɗan, mu ne dai ba ma dubawa. Duk wata kwamitin FAAC yana zama ya raba kuɗin asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60, sannan a harajin VAT suna da kashi 35. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana wallafa rahoton rabon a shafinta, haka ma ofishin akanta janar na tarayya, kuma a ciki akwai sunan kowace ƙaramar hukuma da abin da aka rubuta mata. Ka sauke a waya, ka nemo jiharku, Kano za ka ga 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, ka bi layi har ka zo kan taku. Kar ka tsaya a wata ɗaya, ka ɗauki littafi ka rubuta na wata goma sha biyu ka haɗa jimilla, domin kasafi na shekara ne. Za ka kuma lura cewa tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lambobin sun yi sama sosai, duk da ita ma nairar ta faɗi kuma siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabi.

Amma a nan sai an yi adalci. Abin da ka gani a takardar Abuja ba shi ne yake isa hannun ma'ajin ƙaramar hukuma ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin a can yake fara sauka, a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, sai kuma abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa wanda gaskiya nan ne ramin yake, saura kuma a miƙa wa ciyaman. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kantomomi da kwamitin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Hukunci ne babba amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, a wurare da yawa ba ta sauya zane ba. Don haka idan kun samu zama da ciyaman ko ma'aji tambaya biyu ce, nawa aka rubuta mana, nawa kuma ya iso asusunku bayan cire-cire. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce za ta nuna muku ko sakatariya za ku matsa wa ko gidan gwamnati.

Akwai kuma kuɗin shiga na cikin gida, kuɗin rumfa a kasuwa, kuɗin tasha, na kara, na mayanka, na shaguna da allunan talla. Iyayenmu sun san zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, da baitulmali lokacin da haraji da jangali ne suke riƙe da hukuma, har aka yi garambawul na 1976 aka kafa tsarin da muke kai yanzu, sannan a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Yau kuɗin cikin gida ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na Abuja, amma shi ne wanda za ku iya lissafawa da idonku. Garin da yake da kasuwar mako, ku samu mutum biyu su ƙirga rumfuna da motocin da suka yi lodi da dabbobin da suka shiga kara a rana ɗaya, ku ninka da abin da ake karɓa, ku ninka da mako 52, sai ku gwada da abin da aka rubuta a kasafi a matsayin kuɗin kasuwa. Kuma ɗan'uwa duk abin da ka biya ka karɓi rasit mai tambarin hukuma, kuɗin da babu rasit ba ya isa baitulmali.

Na uku, su waye a sakatariya

Ciyaman da mataimakinsa da sakatare da kansiloli masu gafaka su ne ɓangaren zartarwa. Zaɓaɓɓun kansiloli, kowace mazaɓa guda, su ne majalisa, suna da shugabansu da akawun majalisa. Waɗannan duk 'yan siyasa ne, yau suna nan gobe ba sa nan. Waɗanda suke daɗewa su ne ma'aikata, DPM mai kula da ma'aikata da mulki, ma'aji, shugaban sashen ayyuka wanda injiniyoyi suke ƙarƙashinsa, na lafiya, na gona, na walwalar jama'a, sai jami'in tsare-tsare da kasafi. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, ba kowa ya san ofishinsa ba, ba a cika layi a ƙofarsa ba, amma shi ne yake harhaɗa takardar da hannunsa. Ku je ku gaishe shi cikin mutunci, ranka ya daɗe mun zo neman sani ne, ku tambaye shi yaushe ake fara karɓar buƙatu na bana. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na huɗu, lokaci da taron unguwa

Shekarar kasafi daga Janairu ne zuwa Disamba, amma rubutun yana farawa ne tun cikin damina. Galibi ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ce take aiko da takardar umarni cewa a fara shiri, kowane sashe ya kawo nasa, a haɗa, a je ma'aikatar a kare shi, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli, a wasu jihohin irin su Kano da Jigawa har majalisar dokokin jiha sai ta amince da kasafin ƙananan hukumomin. Ma'ana idan kuka zo da kokenku a Fabrairu kun makara da wata biyar ko shida. Ku sa a ranku cewa daga Yuli zuwa Satumba takardarku ta riga ta shiga.

Kafin nan sai an yi taro, kuma wallahi taron nan ya fi komai wahala. Ku fara da mai unguwa ko dagaci, ku sanar da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, inda akwai coci a faɗa a can ma. Ku gayyato kwamitin makaranta wato SBMC, kwamitin ci gaban mazaɓa da yake kula da asibiti, ƙungiyar matasa, 'yan kasuwa, masu buƙata ta musamman, da Fulanin rugar da ke gefen gari in akwai, saboda su ma 'yan mazaɓar ne. Mata kuma dan Allah kar a ce wai maza sun wakilce su, a yi musu nasu zaman daban a gidan mai unguwa ko islamiyya su faɗi nasu, don na sha gani maza su ce titi ko filin ƙwallo, mata su ce ruwa da ɗakin haihuwa, kuma in ka duba waye yake tashi da asuba neman ruwa ka san wa ya fi gaskiya.

A taron kowa zai kawo nasa, za ku tashi da buƙata ashirin. Kar ku kai ashirin. Wanda ya kai ashirin ya ba hukuma damar ta zaɓi mafi arha ta yi ta ce ta yi muku aiki. Ku tace su koma uku, ku jera na ɗaya na biyu na uku, a ɗaga hannu a ƙirga a gaban kowa, a rubuta sunayen mahalarta su sa hannu ko dangwale. Sannan kowace buƙata a ba ta jiki. "Muna fama da matsalar ruwa" ba buƙata ba ce, kuka ne. Buƙata ita ce a ce burtsatse mai sola ta bakin masallacin Juma'a ta tsaya tun watan kaza, famfon ne ya ƙone, gida kusan kaza ne suke sha daga ita, yanzu jarka ta kai naira kaza a wajen 'yan garuwa, mun kira mai gyara ya duba ya ce gyaran zai ci kaza, ga takardarsa ga hoto. Kuma ku sani gyaran abin da ya lalace ya fi saurin samun shiga a kan sabon gini, saboda kuɗinsa kaɗan ne kuma sau da yawa bai wuce abin da ciyaman zai iya sa hannu da kansa ba, don a jihohi da yawa akwai iyakar da in aiki ya haura ta sai an nemi izini daga ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha.

Mutanen Kaduna suna da ɗan sauƙi a nan, akwai tsarin da ake kira CDC inda al'umma take cike buƙatunta bisa fifiko a tattara a kai wa masu kasafi. In jiharku tana da irin wannan ku bi ta nan, in babu ba abin da ya hana ku yin naku a farar takarda.

Na biyar, takarda

Shafi ɗaya ya isa. A sama sunan ƙungiya ko unguwa da mazaɓa da kwanan wata, zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓa. Kan magana ya fito fili, roƙon sanya aiki kaza cikin kasafin shekara kaza. Sai buƙatun nan uku da bayaninsu, sai abin da ku al'umma za ku iya bayarwa, fili ne ko yashi ko aikin gayya ko mai gadi, wannan yana ƙara wa takarda nauyi ƙwarai. Mai unguwa ya sa hannu da hatimi, shugabar mata ta sa, shugaban matasa ya sa. In za a iya a yi ta da Hausa da Turanci duka, tunda fayil da Turanci yake tafiya.

Ga abin da ba a wasa da shi, ku yi fotokwafi aƙalla biyar. Ku kai asalin ofishin rajista na sakatariya, ba gidan ciyaman ba, ba cikin motarsa ba, ba wajen ɗaurin aure ba. Ma'aikacin da ya karɓa ya buga muku sitamp a kwafinku ya sa hannu da kwanan wata. Takardar da ba sitamp gobe za a ce ba a gan ta ba kuma ba ku da bakin magana. Kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga jami'in kasafi, ɗaya ga shugaban sashen da abin ya shafa, ɗaya ga hakimi, in da hali ɗaya ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar ku. Bayan mako biyu mutum biyu su koma su tambaya fayil ɗin yana teburin wa. Kar ya zama mutum ɗaya ne kullum yake zuwa, na farko za a gaji da fuskarsa, na biyu mutum ɗaya yana da sauƙin a ja shi gefe a sallame shi da ɗan abin mai.

Kuma a guji sa rigar jam'iyya a wannan tafiya. Da zarar an ce ai 'yan adawa ne suka turo su magana ta mutu, haka in aka ce yaran ciyaman ne rabin unguwa za su janye. Tawagar ta haɗa kowa.

Na shida, ku nemi kasafin ku karanta

Idan aka amince da kasafi ku nemi kwafi. Kansilanku ya kamata yana da shi tunda shi ya zauna a kai, akwai a ofishin kasafi, wasu jihohin kuma suna ɗora na ƙananan hukumominsu a shafin ma'aikatar kasafi ko ta ƙananan hukumomi. Littafi ne mai kauri cike da lambobi amma kar ya tsorata ku, gida huɗu ne kawai. Akwai kuɗin shiga. Akwai albashi da alawus. Akwai kuɗin gudanarwa na yau da kullum, man mota, tafiye-tafiye, taruka, baƙi, tsaro, kayan ofis. Sai manyan ayyuka, inda gini da gyara da sayen kaya suke.

Ku fara da shafin taƙaitawa na gaba, ku ga kashi nawa ya tafi kowane gida. Albashi zai ci kaso mai yawa, wannan ba abin mamaki ba ne musamman bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Inda za ku zuba ido shi ne kuɗin gudanarwa, idan kuɗin tafiye-tafiye da karɓar baƙi ya fi na ruwan sha na duk ƙaramar hukumar to kun samu tambayar da za ku yi. Daga nan ku wuce manyan ayyuka ku bi layi layi kuna neman sunan garinku ko mazaɓarku. Ku kula da layukan da ba su da adireshi, irin su gina rijiyoyin burtsatse a faɗin ƙaramar hukuma, ko samar da kayan tallafi ga matasa, kuɗi mai yawa ba sunan gari ba adadi. Irin waɗannan ku sa kansila ya nemo jerin wuraren a rubuce. Sannan yawancin kasafi yana da ginshiƙi na abin da aka ware bara da abin da aka kashe a zahiri kusa da na bana, ku gwada su. In ka ga aiki ɗaya yana dawowa shekara uku a jere, ko dai ba a taɓa sakin kuɗin ba ko kuma an saki ba a yi ba, kuma biyun nan ba ɗaya ba ne, sai an bincika kafin a zargi kowa.

Abu ɗaya da nake so ya zauna a ran kowa, shiga kasafi ba shi ne samun aiki ba. Kamar maigida ne ya lissafa cefane da daddare, lissafi daban ba da kuɗin da safe daban. Ganin sunan unguwarku a takarda rabin tafiya ne, saura a saki kuɗi.

Na bakwai, zaman majalisa

Kansilan nan da kuka zaɓa ba aikinsa raba shinkafa da zuwa suna ba ne kawai. Majalisarsu ce take duba kasafi, take yin dokokin cikin gida irin na kuɗin kasuwa da hana zuba shara a kwata, kuma tana iya kiran shugaban sashe ya zo ya yi bayani. Ku tambayi akawun majalisa ranar zama, ku je ku zauna a baya ku saurara, ko ba ku ce uffan ba ganinku kaɗai yana sauya yadda ake magana. In kuka tarar majalisar ba ta ma zama sai ranar rabon alawus, to wannan kansa abin faɗa ne a gaban jama'a. Ku kuma sa kansila ya riƙa zuwa mazaɓa duk bayan wata uku ya faɗi me aka tattauna, me aka saki, me ya rage. A kira shi da girmamawa a ba shi kujera, amma a yi masa tambaya da takarda a hannu.

Na takwas, bin aikin a fili

An ba da kwangila, to yanzu ne aikinku ya fara. Ku nemi sanin sunan kamfani, kuɗin kwangilar, wa'adi, da takardar ƙididdigar kayan aiki wadda injiniyan sashen ayyuka yake riƙe da ita. A kowace unguwa akwai birkila da kafinta da mai walda da suka san aiki, ku sa su cikin kwamitin sa ido, su ne za su gane in an rage siminti a bulo ko an sa rodi ƙarami a kwalbati ko kwanon rufi mai shara-shara. In rijiyar burtsatse ce a tsaya a ga zurfin da aka haƙa da irin bututun da aka sa, kuma a tuna wadda aka haƙa da damina tana iya yaudara, ruwa ya yi ta zuwa, Maris na yi ta ƙafe. Ku riƙa ɗaukar hoto da kwanan wata tun daga tushe har rufi. In kun ga ba daidai ba kar ku yi faɗa da lebura, kar ku tsayar da aiki da ƙarfi, ku rubuta wa shugaban sashen ayyuka tun kafin a ba ɗan kwangila takardar kammalawa, domin da zarar an sa hannu an biya shi cikon kuɗinsa sai dai labari.

Kada kuma wani a cikinku ya je neman nasa kason wajen ɗan kwangila. Duk kwamitin da ya karɓi ko sisi ya sayar da bakinsa, kuma abin da aka ba shi daga simintin ginin aka cire.

Idan aka yi kunnen uwar shegu da ku

Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Kowane ɗan ƙasa yana iya rubuta wa hukuma ya nemi takarda ba tare da ya faɗi dalili ba, hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, abin da za a caje ka bai wuce kuɗin kwafi ba, in aka hana kana da kwana 30 ka je kotu. Da can jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, amma a watan Afrilun 2025 kotun ƙoli a wata shari'a daga jihar Edo ta ce ta shafi kowane mataki na gwamnati. Ku nemi abu takamaimai, kwafin kasafin shekara kaza, jerin kwangilolin mazaɓa kaza da abin da aka biya, kar ku ce a ba ku duk bayanan kuɗi.

Sannan kowace jiha tana da babban odita na ƙananan hukumomi, yana bincika littattafansu ya miƙa rahoto ga majalisar dokokin jiha, jihohi da dama suna ɗora rahoton a intanet, a ciki za ka ga kuɗin da aka fitar ba takardar shaida da ayyukan da aka biya ba a yi ba. In magana ta kai ga an karɓi kuɗi an gudu akwai ICPC wadda tun 2019 take bin ayyukan mazaɓu, akwai EFCC, Kano tana da hukumarta ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Akwai ƙungiyoyi irin su Tracka ta BudgIT da Follow The Money da suke taya al'umma bin irin wannan, su Follow The Money ma a Bagega ta ƙaramar hukumar Anka a Zamfara suka fara a 2012, lokacin da gubar dalma take kashe yara kuma kuɗin tsaftace garin ya maƙale, suka yi ta matsa lamba har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013.

Rediyo kuma har gobe ita ce mai ƙarfi a wajenmu, ciyaman da ya yi wata uku bai amsa takarda ba yana iya aiko da injiniya washegarin da aka ambaci sunan ƙaramar hukumarsa a iska. Amma a bi a hankali, ko a rediyo ko a Facebook ku faɗi abin da kuke da shaidarsa kawai, mun kai takarda ranar kaza ga sitamp, an ware naira kaza a shafi na kaza, ga hoton wurin yau. Kar a kira kowa ɓarawo, ɓata suna laifi ne kuma an sha tsare matasa a kan rubutu ɗaya, daga nan maganar ruwa ta koma maganar beli. Ni a ganina a fara da ofis, a bi da hakimi, rediyo ta zo daga baya, saboda mutumin da aka kunyata tun farko ya kan ƙeƙasa ƙasa ko da zai iya yin aikin.

In Allah ya sa aiki ya kammala, ranar miƙawa a kafa kwamitin kula da shi nan take, mutum biyar ko bakwai da mata a ciki, a tsayar da ɗan abin da za a riƙa tarawa na gyara, a rubuta a littafi, a riƙa karantawa a gaban jama'a duk wata kamar yadda muke nema hukuma ta yi mana. Fayil ɗin kuma, da takardu masu sitamp da hotuna da kwafin kasafi, a ajiye shi wajen sakataren ƙungiya, a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na unguwa don kar ya ɓata. Buƙata ta biyu da ta uku da ba su samu shiga bana ba, a sabunta kwanan wata da farashi a sake kai su a Yuli mai zuwa.